Muhawara: Wane faifai ya kamata a fara miƙa wa sabon mai sauraron jaz?

Na Tudun Wada:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata magana ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau dai zan fitar da ita. Duk baƙon da ya shigo nan ya ce yana son fara sauraron jaz, kafin ya rufe baki mutum biyar sun tura shi ga Kind of Blue na Miles Davis. Ni ban goyi bayan haka ba. Faifan ba shi da aibu, amma ba shi ne ƙofar shiga ba. Wanda ya kamata a fara miƙa wa baƙo shi ne At the Pershing na Ahmad Jamal, wanda aka ɗauka a daren 16 ga Janairun 1958 a wani otal da ke Shikago.

Mutum uku ne kacal a ciki: Jamal a piyano, Israel Crosby a bes (babban goge mai kaurin sauti), Vernel Fournier a ganguna. Kunnen da bai saba ba ma zai iya bin kowa daban, ya san wa ya yi me. A daren nan kiɗa 43 aka ɗauka, Jamal ya tsamo 8 ya ajiye sauran. Ku koma ku saurari Poinciana, ɗaya daga cikin takwas ɗin, da kyau. Fournier ya kafa bugu guda bai sake shi ba har ƙarshe, Crosby yana ta juya ɗan gajeren layinsa, shi kuwa Jamal sai ya taɓa sauti uku ko huɗu can sama, ya ɗauke hannu, ya bar ka kana jira. A cikin jiran nan ne mutum ke fara gane cewa makaɗan nan sauraron juna suke yi. Wanda ya gane wannan ya shiga gidan jaz, sauran ɗakuna sai a hankali.

Malam Na Samaru:
Wa alaikumus salam. Yayana, ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, amma ban bi ka ba. Abin da baƙo yake bukatar ya fara fahimta shi ne cewa a jaz kowa da muryarsa, kuma nan take yake ƙirƙirar abin da yake busawa. Ina za a nuna masa wannan fiye da So What, kiɗan farko a Kind of Blue? Kiɗan nan a kan tsanin sauti biyu kawai aka gina shi, a zauna a na farko, a ɗan hau na biyu, a sauko. Fili ɗaya aka ba mutum uku. Miles ya shigo da ƙahonsa yana ƙidaya sautukansa, John Coltrane ya biyo da saksofon yana haƙa kamar mai neman wani abu da ya ɓace masa, Cannonball Adderley ya zo da fara'arsa. Ko wanda bai taɓa jin sunayensu ba zai ce maka wannan daban, wancan daban. A faifan Jamal mutum ɗaya ne ke jan ragama, ba ka da wanda za ka gwada shi da shi.

Ɗan Fagge:
Iyayena da yayyena, a gafarce ni in sa baki. Ni ta ƙofar Jamal na shigo, kuma ba wanda ya tura ni. Piyanon da ke cikin The World Is Yours ta Nas, ta 1994, shi ya riƙa dawo mini a ka, da na bincika sai na tarar Pete Rock ya yanko shi ne daga faifan Jamal na 1970, The Awakening. Daga nan na gangara baya har Pershing. Kind of Blue kuwa, da aka fara ba ni, barci ya sa ni. Sai daga baya ya kama ni. Saboda haka ina bayan Yaya Na Tudun Wada.

Mai Ƙaho:
Ɗan Fagge, barcin nan ba laifinka ba ne, ana yawan faɗa. Ni da nake busa ƙaho a bukukuwa zan faɗa muku dalili. Kind of Blue yana da sauƙin shiga kunne amma yana da wuyar riƙewa, don babu amshin da za ka tafi da shi kana rerawa a hanya, in ka ɗebe 'yan sautukan farkon So What da All Blues. Jamal kuwa waƙoƙin da jama'ar Amurka suka riga suka haddace ya ɗauko, yana ɓoye karin yana fito da shi.

Kuma Malam, kada mu manta Miles kansa ya sha daga rijiyar Jamal. Ya ɗauki New Rhumba, wanda Jamal ya tsara, ya sa a Miles Ahead a 1957 tare da Gil Evans. A faifan Workin' akwai Ahmad's Blues, inda Miles ya ajiye ƙaho gaba ɗaya ya bar Red Garland da mai bes da mai ganga su buga. Barin sarari tsakanin sauti da sauti, wanda kowa ke yaba wa Miles a kai, Jamal yana yin sa tun farkon shekarun 1950.

Malam Na Samaru:
Na yarda ya sha daga can. Amma ɗalibi yakan wuce malaminsa, kuma a nan ya wuce.

Na Tudun Wada:
Ya wuce shi a me, Malam? A suna, i. A busa ƙaho, ai ba sana'arsu ɗaya ba. A haɗa mutum uku su zama kamar hannu ɗaya, ban ji wanda ya wuce Jamal na 1958 ba.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Sannunku da hira. Ina karanta ku tun ɗazu, kuma abin da ya ba ni mamaki har yanzu ba wanda ya ambaci murya. Ku duka kun manta da wa kuke magana. Bahaushe da waƙa ya tashi. Ko Shata ne ko Ɗanƙwairo ko Ali Makaho, kiɗa yana rakiya ne, magana ce a gaba. Ka ɗauki mutumin da kunnensa ya saba da haka ka zaunar da shi minti tara ba wanda ya buɗe baki, sai ya tambaye ka yaushe za a fara. Ni ƙannena da na jawo cikin harkar nan, da Ella Fitzgerald na fara musu, wasan da ta yi a Balin ta Jamus a 1960. Tana tsakiyar Mack the Knife baitocin suka ɓace mata, ba ta tsaya ba, ta shiga ƙirƙirar nata nan take, har ta kwaikwayi muryar Louis Armstrong, jama'a suna ta tafi. Waƙar nan ta ci kyautar Grammy. Malam yana neman abin da zai nuna wa baƙo mene ne ƙirƙira nan take, to ga shi a fili, da muryar mutum. Wanda ya san yadda mawaƙinmu yake hango baƙo ya shigo fili ya saƙa sunansa cikin waƙa ba shiri, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Bayan Ella sai Billie Holiday, amma ita ba a fara ba yaro faifanta Lady in Satin. Faifan nan na 1958 ne, shekara guda kafin rasuwarta tana da shekara 44, muryar ta riga ta dushe. Sai wanda ya san yadda take a shekarun 1930 zai ji nauyin abin.

Kawu Mai Garmaho:
Hajiya, Allah Ya yi miki albarka, kin kawo mu kusa da gida. Yarana, ku yi haƙuri da tsoho, rubutun waya yana mini wuya, sai a hankali.

Mu a zamaninmu ba a zaɓar faifan farko. Abin da rediyo ya kawo shi za ka ji. Da dare a gajeren zango muke kamo Muryar Amurka, shirin Willis Conover, wanda yake buɗewa da Take the A Train na ƙungiyar Duke Ellington. Mutumin nan yana magana a hankali ƙwarai, don ya san yawancin masu sauraronsa Turanci ba harshensu ba ne. Tashar tana zuwa tana tafiya, iska tana shiga, amma a haka muka san Ellington da Count Basie da Dizzy Gillespie.

In ni za a tambaya, a fara daga tushe. West End Blues, Louis Armstrong, Yunin 1928, shi ma a Shikago, Earl Hines a piyano. Faifan garmaho na lokacin bai ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai, don haka ba wurin ɓata lokaci. Armstrong ya buɗe shi kaɗai da ƙaho, ba ganga ba komai, 'yan daƙiƙu kawai, kuma har yau masu koyon busa suna fama da wannan buɗewar. Can tsakiya ya ajiye ƙaho ya yi ta amsa wa mai kilarinet da muryarsa, ba kalma ko ɗaya. Kin ga Hajiya, ga muryarki ga ƙahon Malam a faifai ɗaya.

Kuma shi ba baƙonmu ba ne. Ya je Akara a 1956, ya zo Nijeriya a 1960, shekarar 'yancin kai, har akwai hotonsa da Sardauna a Kaduna.

Mai Ƙaho:
Kawu, ranka ya daɗe, buɗewar nan ni ma tana cikin abin da nake gwadawa kullum in na ɗauki ƙaho. Matsalar kawai sautin faifan. Yaran yanzu da suka saba da bes mai girgiza ƙirji, in suka ji ƙarar tsohon faifai sai su kashe tun ba a je ko'ina ba.

Kawu Mai Garmaho:
To a koya musu haƙuri. Shi ma yana cikin karatun.

Bakatsine:
Ni fa zan faɗi abin da wasu ke tunani ba su faɗa ba. Na Tudun Wada, anya ba sunan ne ya ja ka ba? Da sunansa na haihuwa, Frederick Jones, ne a bangon faifan, za ka ɗaga shi sama da Miles? Mu nan muna da wannan halin, da mun ji Ahmad ko Yusuf ko Abdullahi sai mu ce namu ne, kunne ya tafi hutu. Pershing kiɗan otal ne, ana cin abinci ana hira ana jin ƙarar kofuna. Tun a lokacin masu sharhi da dama haka suka ɗauke shi, mai daɗi amma marar nauyi. Ni in za a ba baƙo abu, a ba shi wanda zai girgiza shi: A Love Supreme. Coltrane, McCoy Tyner, Jimmy Garrison, Elvin Jones, zama ɗaya a situdiyon Rudy Van Gelder ranar 9 ga Disambar 1964. Kashi huɗu, wajen rabin awa, mutum yana gode wa Ubangijinsa da saksofon bayan ya rabu da ƙwaya da giya. Wanda ya ji wannan bai ji komai a ransa ba, to jaz ba nasa ba ne, a bar shi ya tafi.

Na Tudun Wada:
Bakatsine, tambayarka tana kan hanya, kuma zan amsa ta tsakani da Allah. Da suna nake bi, da Art Blakey na kawo, wanda ya karɓi sunan Abdullah Ibn Buhaina, ga Moanin' na 1958 da ba wanda zai ji bai kaɗa kai ba. Ko in kawo Abdullah Ibrahim na Afirka ta Kudu da Mannenberg. Addinin mutum tsakaninsa da Mahaliccinsa ne, ba ya gyara masa yatsu.

Maganar kiɗan otal kuwa ita ce ta fi ɓata mini rai, don an daɗe ana yi wa bawan Allahn nan wannan rashin adalci. Laifinsa kawai faifan ya sayu. Ya yi sama da mako ɗari a jerin faya-fayan da aka fi saye a Amurka, sai masu sharhi suka ga abin da talaka ya so ba zai yi zurfi ba. Amma ka zauna da But Not for Me, kiɗan farko a faifan. Jamal yana fara karin, sai ya bar rabin jimlar a buɗe, Crosby ya cike masa da bes. Ba kuskure ba ne, ba kasala ba ce, tsari ne da suka gina dare bayan dare suna aiki a ɗaki ɗaya. A yawancin ƙungiyoyin lokacin, mai bes da mai ganga 'yan rakiya ne, mai piyano yana gaba yana zuba gudu. Jamal ya raba aikin uku. Ya iya gudun, duk wanda ya ji Surrey with the Fringe on Top ya san hannunsa ba ya nauyi, amma sai ya riƙe. Mutum ya iya abu ya kuma hana kansa nuna shi saboda kiɗan ya fi kyau a haka, ni wannan nake kira nauyi.

Kuma ƙarar kofunan da kake rainawa, ni ina son ta. Jaz a irin waɗannan ɗakunan ya girma, gaban mutane masu ci da sha da surutu, makaɗi yana neman ya sa su yi shiru da kyan abin da yake bugawa.

A Love Supreme ina girmama shi ƙwarai. Amma ka ba baƙo kashi na uku, inda Elvin Jones ya buɗe da ganguna shi kaɗai Coltrane ya biyo da gudu, ai kamar ka ɗura wa jariri yaji ne.

Bakatsine:
Ba faifan Coltrane na Ascension na ce a ba shi ba fa. Wannan na 1965, mutum goma sha ɗaya suna busa da bugu lokaci guda, ko ni sai na shirya nake saka shi. A Love Supreme yana da sautuka huɗun nan na bes da ake ta maimaitawa, yaro ma zai riƙe su.

Malam Na Samaru:
A nan ina tare da Bakatsine rabi. Sautuka huɗun suna riƙe mutum a kashi na farko. Daga na biyu zuwa na uku ne ake zubar da fasinjoji.

Amma tunda an taɓo maganar "namu", bari in faɗi wanda yake da haƙƙin wannan kalma a aikace, ba don suna ba. Yusef Lateef ya zauna a nan Zariya daga 1981 zuwa 1985, yana bincike a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello. Mutumin da ya yi aiki da Cannonball Adderley da Charles Mingus, ya zo ya zauna yana nazarin sarewar Fulani, yana koyo a wurin makaɗanmu. Ya ɗauki faifai a Legas a 1983 mai suna In Nigeria, kuma shi da Ziky Kofoworola sun fitar da littafi a kan kiɗa da wasannin Hausa a 1987. Tun kafin ya zo ma kunnensa yana gabas. A Eastern Sounds na 1961 yana busa obo, wadda in Bahaushe ya ji zai tuna da algaita nan take, don dukansu da ɗan bakin kara biyu ake busa su. Ya rasu a Disambar 2013 yana da shekara 93. Abin da ke damuna, ɗaliban da ke wucewa ta harabar nan kullum, da wuya ka sami wanda ya san an yi wannan mutum a cikinta.

Ɗan Fagge:
Malam, wallahi ban taɓa sani ba. Yanzu na nemo Eastern Sounds, kiɗan farko wata irin sarewa ce mai taushi, ba irin ta ƙarfe ba. Mece ce?

Malam Na Samaru:
The Plum Blossom ke nan. Wata 'yar sarewar yumɓu ce ta ƙasar Sin, mai siffar ƙwai, sautukanta kaɗan ne ƙwarai. Ka ji abin da ya yi da 'yan sautukan nan.

Na Tudun Wada:
Malam, ka lura kuwa? Abin da ka yaba wa Lateef yanzu, yin abu mai yawa da sauti kaɗan, shi nake ta faɗa a kan Jamal tun safe.

Malam Na Samaru:
Na lura. Shi ne kuma abin da nake yaba wa Miles. Saɓaninmu a kan wanda za a fara da shi ne, kuma ina nan a kan bakana.

Hajiya 'Yar Damagaram:
Ku maza kun sake komawa kan ƙaho da piyano. Har yanzu ba wanda ya amsa mini maganar murya sai Kawu. Bakatsine, kai da kake cewa wanda bai ji komai ba a bar shi ya tafi, wannan maganar ba ta yi mini daɗi ba. Mu nawa ne duka-duka masu jin kiɗan nan daga Damagaram har Kaduna, da za mu riƙa korar mutane daga bakin ƙofa? Kuma ko a faifan naka, wurin da ya fi kama mutane shi ne inda Coltrane ya cire saksofon daga baki ya shiga maimaita kalmomin da muryarsa. Kashi na huɗu ma addu'ar da ya rubuta a bangon faifan yake bi da busa, gaɓa bayan gaɓa. Shi kansa ga magana ya koma.

Bakatsine:
Hajiya, a yi mini afuwa in maganar ta yi kaifi, ba korar kowa nake nufi ba. Amma ina tsoron a saba wa mutum da mai daɗi kawai, ya tsaya nan. Na ga waɗanda suka fara da mai laushi suka ƙare a Kenny G, mai busa saksofon mai laushi, suna cewa sun san jaz.

Mai Ƙaho:
Wanda ya fara da Fournier ba zai ƙare a can ba, Bakatsine. Mutumin New Orleans ne, bugun Poinciana daga gangunan faretin garinsu ya samo shi, hannu ɗaya yana kan ganga ɗaya yana kan faifan ƙarfe. Duk wanda bugun nan ya shiga jikinsa, gaba zai nemi masu ganga: Blakey, Max Roach, Elvin Jones. Hanyar da Tony Allen ya bi ke nan a Legas, yana sauraron Blakey da Roach kafin shi da Fela su gina nasu salon, kuma a 2017 ya fitar da ɗan faifai na girmama Blakey a kamfanin Blue Note.

Wani abu kuma ga masu cewa Kind of Blue ba shi da tabo. Na'urar da ta ɗauki kiɗa ukun farko tana ɗan jinkiri a ranar, don haka faya-fayan da aka yi ta sayarwa sama da shekara talatin sautinsu ya ɗan hau sama da yadda aka buga. Sai a 1992 aka gyara. Duk mai ƙahon da ya gwada bin tsohon kaset ɗin So What ya san wahalar da ya sha kafin sautinsa ya daidaita da na Miles. In za ku ba baƙo, ku tabbata bugun da aka gyara ne.

Kawu Mai Garmaho:
Nawa tsohon bugun ne, kuma a haka na san shi, ba zan canza ba.

Na Tudun Wada, wata tambaya. Mutum ukun nan naka, me ya raba su? Na san ba su daɗe ba.

Na Tudun Wada:
Kawu, da kuɗin faifan Jamal ya buɗe gidan kiɗa nasa a Shikago mai suna Alhambra, inda ba a sayar da giya. Gidan bai daɗe ba ya rufe, ƙungiyar ta watse, Crosby da Fournier suka koma wurin George Shearing. Crosby ya rasu a 1962 yana ɗan shekara 43. Shi Jamal ya ci gaba da bugawa har tsufa, ya rasu a Afrilun 2023 yana da shekara 92, kuma salonsa na baya ya fi na da ƙarfi da tsawa. Akwai faifan da suka ɗauka a Alhambra ɗin a 1961, su ukun, wanda ya gama da Pershing ya wuce can.

Ɗan Fagge:
Na rubuta duka. Malam Na Samaru, littafin nan na Lateef da Kofoworola, ana samunsa a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim? Ina da ƙani a Samaru, sai in sa shi ya duba mini.

Malam Na Samaru:
Ka bari in shiga da kaina ranar Litinin in Allah Ya kai mu. In na same shi zan sanar a nan, sai ƙanin naka ya zo mu duba babin sarewa tare.